A Faɗa Inda Za Ta Ji

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Yau muka ɗauki tsoho na farko a Lafagu, na kuma ce wa Dakta Jamaluddeen ya kwantar da hankalinsa, aikin nan zai yi kyau. Shi ya kawo aikin daga jami'a: a tattara labarin tsofaffin sojojin ƙasar Bagudo daga bakinsu, na yaƙin basasa da na Laberiya da Saliyo, kafin ƙasa ta rufe musu ido. Mu uku ne. Dakta ya san abin a takarda, wace bataliya ta ƙetare wane kogi. Manu, ɗan kawuna, tsohon saje ne da ya yi Laberiya, shi ke buɗe mana ƙofa, don soja ba ya sakin baki sai ya ga ɗan'uwansa. Ni kuwa Sailuba, da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da tarihi a sakandare, ni ke yin tambaya, ni ke mayar da abin da rikoda ta ɗauka zuwa rubutu. Ba yabon kai ba, a cikinmu ukun ni na fi iya zama da tsoho.

Manu taubashina ne, ba ya raga mini. A hanya ya ce, "Ke da kinka saba tsare ɗiyan mutane da tambaya, yau ga tsohwahhi kin samu." Na ce masa ya yi ta kansa, shi ma yana cikin layi.

Da na dawo na tarar da Yaya Lami, babbar yayata, tana jirana. Yaron nan bai kira ba har yanzu. Shi ne na fari a wurina, ba na faɗin sunansa, ba kuma zan fara a littafin nan ba. Tun yaye Yaya Lami ta ɗauke shi, ita yake kira Inna, ni kuwa Malama yake ce mini kamar sauran ɗalibai. Soja ne, yana can arewa maso gabas. Duk Juma'a yakan kira ta, ni kuma duk Juma'a sai ya zamana ina da shinkafar tsincewa a tsakar gidanta. Rabon da ta ji muryarsa tun ƙaramar salla. Na ce mata daji ne, ba sabis, ta daina tayar wa kanta hawan jini.

Laraba, 8 ga Mayu, da hantsi

Na gano wani abu, na kuma faɗa wa Dakta ya sa a tsarinmu. Zaman farko da tsohon soja labarin fareti ne: mun shiga, mun ci, oga ya yaba. Sai a zama na biyu yake faɗin wanda ya yi fitsari a wando, da wanda aka bari a bakin rafi. Kuma in tsoho ya yi shiru, kada ka cika masa shirun. Dakta yaro ne mai kirki amma shiru yana ƙona shi, da tsoho ya tsaya sai ya jefo wata tambaya. Jiya sai da na taka masa ƙafa a ƙarƙashin benci. Ya yi dariya daga baya, ya ce ya ji darasi.

Aiki yana tafiya.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan magariba

Na tsince shinkafar tas. Ba tsakuwa ko ɗaya.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan azahar

An yi ruwan farko jiya, kowa ya fita gona, tsofaffinmu biyu suka ce mu dawo wani mako. Na zauna da rubutu. Wani tsoho na Illo ya ɗauki rabin zaman yana ba ni labarin wani ɗan akuya da suka yi kiwo a sansani, suka kasa yanka shi har aka gama yaƙi. Dakta ya ce wannan ba tarihin soja ba ne. Na ce to na wane ne, na akuya? Mutum ya yi shekara hamsin da wani abu bai manta ɗan akuya ba, ya manta sunan kwamandansa, ai mai binciken da ya tsallake wannan shi ya yi asara. Ya bar mini.

Matan unguwa sun fara gaishe ni da wata irin murya. Ba na so. Ba abin da ya faru da za a riƙa sassauta mini murya.

Alhamis, 16 ga Mayu, da yamma

Mun ƙetara zuwa Jamhuriyar Benin. Daga Illo muka hau kabu-kabu, hanya duk caɓi, zuwa wani ƙauyen Dendawa da bai kai tafiyar kirki daga iyaka ba. Can Baba Sambo yake. Yana saurayi ya biyo fataken albasa zuwa ɓangarenmu na iyaka, ya ji ana ɗaukar soja, ya shiga layi, ba wanda ya tambaye shi ko na ina ne. Wannan zamanmu na biyu ke nan da shi. Ya tarbe mu da "Fofo, fofo," wato sannu-sannu da harshensu, ya sa aka kawo kifi da tuwon masara, ya ce ba rikoda sai an ci.

Na tambaye shi ranar da ya dawo gida. Ya yi shiru har na ji Dakta yana motsi, na harare shi. Sannan tsoho ya ce:

"Sun riga sun yi sadakata, ɗiyata. An ce masu na mutu. Nis shigo gida da kaki, inna tana daka. Ni na na hwari gare ta. Tad dube ni sau guda, tac ce ma maƙwabciya, ku ba baƙo ruwa. Tac ci gaba da dakanta."

Manu ya gyaɗa kai, ya ce haka ake yi, kunya ce.

Baba Sambo ya ce, "Na san kunya ta. Sai bayan da tar rasu anka hwaɗa min duk shekarun da nika can ba ta ci nama ba, ba ta kwanta bisa gado ba. To mi yah hana ta hwaɗa min da bakinta ko sau guda? Na ga mutuwa iri-iri, amma dakan nan shi nika ji har yau."

Na yi tambaya ta gaba kamar yadda take a tsari. Muryata ba ta yi komai ba, na saurari faifan, lafiya lau take. A hanyar dawowa Manu bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin ya ba ni haushi.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Yaya Lami ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu, muka zauna muna kallonta kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Can ta fashe da kuka. Ita tana da damar yin kuka, ɗanta ne a idon duniya. Na rarrashe ta, na ce mugun labari ba ya ɓuya, da wani abu ya faru da tuni an zo. Na yarda da abin da na faɗa. Har yanzu na yarda.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Lambar tana wayata tun ranar da ya tafi horo. Ban taɓa danna ta ba. Yau na danna. A kashe.

Talata, 21 ga Mayu, bayan azahar

Manu ya ba mu nasa labarin. Da ma ya ce shi ne na ƙarshe, sai ga shi yau da kansa ya ce a kunna. Ba zan rubuta abin da ya faɗa a nan ba, yana cikin faifai inda ya dace. Mutumin da muka yi wasan ƙasa tare, muka yi ta zagin juna shekara da shekaru, ashe ban san rabinsa ba. Da ya gama ya share fuska ya ce, "To gwanar tambaya, kin ji daɗi kin sa namiji kuka?" Na ce ai da ma ba namijin kirki ba ne. Muka yi dariya, Dakta yana kallonmu kamar mahaukata.

Wata mata a kasuwa ta ce ta ji a rediyo an yi wani abu can wajen su yaron nan makonnin baya. Na ce mata rediyo kullum ana yin wani abu. Na sayi tattasai na wuce.

Aiki yana tafiya. Tsofaffi sun fara aiko mana da kansu, wai su ma a zo a ɗauke su.

Alhamis, 23 ga Mayu, da yamma

An kwantar da Yaya Lami na ɗan lokaci, jini ya hau. An sallamo ta. Likita ya ce a kiyaye mata labari mai tayar da hankali. Wane labari? Ai rashin labarin ne ke cin ta.

Na yi girki ya ƙone. Itacen ne jiƙaƙƙe, na yi ta hurawa na manta da tukunya.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Manu ya zo, ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Ya yi ta zagaye-zagaye, zancen taki, zancen gada, sannan ya ce 'yan kabu-kabu sun gaya masa an kawo wani yaro gida Illo, soja, da rauni a ƙafa. Saifuddeen sunansa. Ya ce tare suke da wancan.

"Wane wancan?" na ce.

"Na Lami."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Na ci gaba da tankaɗe. Manu ya zuba mini ido, yana jira in ce ka je ka tambayo mini. Ni ma na san abin da yake jira. Bakina ya ƙi. Uwata ba ta taɓa tambayar inda Yaya Lami, 'yarta ta fari, take ba, ko ranar da aka kai ta ɗakin miji, kakata haka. Ba wanda zai kama ni in na tambaya, amma harshen ne ba a koya masa hanyar ba, kuma ban san yadda ake koya masa da furfura ba.

Can Manu ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Ni dai gani nika yi aikin ga namu duk tsohwahhi na. Ya kamata a samu na yaro guda, ko don kwatance. Ke ka tambaya, ai aikinki na."

Na ce shawara ce mai kyau. Wallahi Manu ba shi da kai, amma wani lokacin Allah na ba shi aro.

Litinin, 27 ga Mayu, da hantsi

Dakta ya ƙi da farko. Ya ce Saifuddeen bai bar aiki ba, soja mai ci ba ya ba da labari haka kawai, kuma gaskiyarsa. Muka tsaya a kan ba sunan gari, ba sunan bataliya, faifan kuma a ajiye shi har sai an samu izini. Bayan mun gama Manu ya ja shi gefe. Da suka dawo Dakta ya kasa haɗa ido da ni.

Ya ce, "Malama, ban sani ba. Ki bari ni in yi wannan. Duk abin da ya faɗa zan zo in gaya miki."

Na ce, "Dakta, kai da ba ka iya haƙuri da shiru? Ɓata min zama za ka yi. Ni ka yi."

An ce Saifuddeen yana fama da zazzaɓi, sai Alhamis.

Talata, 28 ga Mayu, bayan magariba

Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Laraba, 29 ga Mayu, bayan azahar

Tsoro nake ji. Na rubuta, na gani da idona, shi ke nan. Gobe zan yi aikina yadda na saba, ba wanda zai ga komai a fuskata. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuma na gaji da lalube.

Alhamis, 30 ga Mayu, da yamma

Bari in rubuta shi a jere, yadda nake koya wa yara.

Mun same shi a zauren mahaifinsa a Illo, ƙafar a miƙe kan matashi. Yaro ne siriri, bai kai yadda na zata ba. Ya gaida Dakta, ya sara wa Manu daga zaune, ni kuma ya gaishe ni kansa a ƙasa, bai ƙara duban inda nake ba. Na ajiye rikoda, na faɗi rana da wuri, na nemi yardarsa, ya bayar.

Na fara daga farko, don haka tsarin yake. Ina aka haife ka. Me ya kai ka soja. Wa ya raka ka tasha. Yaya abinci. Tambayar da nake so tana can ƙasa, ina ganinta, amma ban tsallake ko ɗaya ba. Manu yana ta murza hularsa. Dakta ya ƙura wa bango ido.

Na ce, "Ba mu labarin ranar da ka samu rauni."

Ya ce da safe ne, suna cikin mota ta biyu. Ya ji ƙara, sai ya gan shi a ƙasa, ƙafa ba ta ɗaukarsa, hayaƙi ko'ina. Ya ce ya yi kalmar shahada ya rufe ido. Daga nan ya yi shiru.

Ban cika masa ba. Ban san tsawon shirun ba, na dai san na ji kiran tallar fura daga waje har ya wuce ya ɓace.

Na ce, "Wa ke tare da kai?"

"Nasrullahi na," ya ce, ya ambaci sunan nan da ba na faɗi. "Shi yaj jawo ni. Motar tana cin wuta, yak koma yaf fiddo wani, yas sake komawa. Hannuwa nai duka biyu sun ƙone. Kunnuwa nai kuma ƙarar ta taɓa su, sai an yi mai magana da ƙarhi."

Tambaya ta gaba a tsari ita ce yadda aka kai ka asibiti. Na buɗe baki in yi ta, sai na ji na ce, "Shina da rai?"

Saifuddeen bai amsa mini ba. Ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Manu, ya ɗaga murya kamar mai magana da na bayan katanga.

"Saje, shina da rai. Gado nai na kusa da nau a asibiti. Shina ci, shina tashi, likita ya ce yatsun za su yi aiki in an yi haƙuri. Waya tai ta ƙone can. Anka ce a kira gida, yac ce a'a, Inna Lami hawan jini gare ta, in taj ji ta waya hwaɗuwa za ta yi. Da za a sallamo ni yac ce, in ka kai gida Malama za ka nema, ita ka iya ɗauka. Amma kak ka hwaɗa mata, ba ta tambaya kuma ba ta son a gani. Ka hwaɗa ma wani inda taka ji."

Manu ya ce, "To, na ji. Alhamdu lillahi, na ji."

Na yi sauran tambayoyin. Duka. Na yi masa godiya a madadin aikin, na faɗi ƙarshen zama, na kashe rikoda. Na nemi a nuna mini makewayi. Matar gidan ta ba ni buta, ta ga na daɗe, da na fito ta ƙaro mini ruwa in wanke fuska. Allah ya saka mata.

Ashe yaron nan nawa ya san ni. Duk shekarun nan ina zaton shinkafata kawai yake ji ana tsincewa.

Juma'a, 31 ga Mayu, bayan azahar

Na gaya wa Yaya Lami da kaina, a hankali, na fara da "shina da rai" kafin komai, na sa ta sha maganinta tukuna. Ta yi kuka ta yi dariya ta yi sujada. Ta ce yanzu-yanzu a nemo mota. Na ce da wannan jinin ko Birnin Kebbi ba za ta kai ba, balle wata uwa duniya. Ta ce to wa zai je? Mutum ba hannu, wa ke ba shi abinci a baki? Na ce za a samu.

Asabar, 1 ga Yuni, da hantsi

Mun haɗu mu uku don tsara mako mai zuwa. Na ce ina da shawara: akwai sojoji kwance a asibiti can arewa maso gabas, labarinsu ɗanye ne, bai kamata a bari ya huce ba, ya dace wani daga cikinmu ya je ya duba ko za a samu hanya.

Dakta ya ce, "Malama, aikinmu bai wuce 'yan ƙasar Bagudo ba."

Manu ya ce, "An ce akwai ɗan Bagudo guda can."

Dakta ya yi shiru. Wannan karon ya iya, har na so in yaba masa. Sannan ya gyara tabarau ya ce lallai bincike yana buƙatar haka, kuma a ganinsa ba wanda ya dace da tafiyar sai mai yin tambaya. Ya ce kada in yi gaggawar dawowa, irin wannan zaman sai an maimaita. Manu ya ce zai raka ni har can, wai kada in tsare direba da tambaya ya watsar da mutane. Na ce ya zo, ko ba komai a samu mai ɗaukar kaya.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan sallar asuba

Yaya Lami ta aiko da ƙuli-ƙuli da yaji da dakakkiyar kuka, kamar can ba a sayarwa. Na ƙara da cokali ɗaya daga cikin nawa, ƙarami, mai santsin baki. Manu yana waje yana danna hon na kabu-kabu, zai tayar mini da unguwa.

Maƙwabciya ta leƙo ta ce ina zuwa da sassafe haka. Na ce aiki.

Na sa rikoda a jaka, daga sama, inda kowa zai gani. Batir ɗin na bar su kan taga.